Ruwa Mai Laka a Gindin Dam

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da Inna Tabawa ta tare ni a gindin dam, riƙe da ƙwaryar kalwa. Ƙarshen damina ne, cikin watan Satumba, ana shirin karyar masara. A lokacin ina injiniya mai mataki na tara a ofishinmu na shiyya da ke Funtuwa, kuma ni aka ɗora wa kula da wata madatsar ruwa a yankin Malumfashi, can bayan Ƙarfi. Ba zan faɗi sunanta ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasu ma har yanzu suna bakin aiki.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, irin wannan dam ba da siminti ake gina shi ba. Ƙasa ake jibgewa ana dannewa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har ta zama dogon tudu da ya tare kwari. An yi namu ne don ya riƙe ambaliyar da ta saba cin ƙauyen da ke ƙasansa. Daga baya mutanen ƙauyen suka mayar da ruwan da ya taru abin noman rani. Kowane dam ɗin ƙasa yakan tsattsafo da ɗan ruwa ta gindi, kuma muddin ruwan garau yake, ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ya fara fitowa da laka, to cikin bangon yake ci, yana haƙa wa kansa hanya. A iya abin da aka koya mana, wannan ce alamar da ba a wasa da ita.

Inna Tabawa tsohuwa ce mai daddawa, a wannan tsattsafin take wanke kalwarta.

"Kai ɗan nan, kai ne mai dam?"

"Mai kula da shi dai, Inna."

"To ka kula. Ruwanku ya lalace, ya koma kamar koko. Ko so kuke in sayar wa mutane daddawa da ƙasa?"

Na ɗiba a gorar roba na ajiye. Kafin in gama zagaya wurin, laka ta kwanta a ƙasan gorar. Na ce wa kaina wataƙila shanu ne suka tattake wurin, sai dai ban ga sawu ba. Na ce ko ruwan sama ne, alhali an kwana biyu ba a yi ba. Washegari da na koma, idon tsattsafin ya ƙara faɗi, yashi ya taru a bakinsa kamar gidan tururuwa. Dam kuwa ya cika maƙil.

A ƙa'idar aikinmu, ba a rage ruwa sosai sai da izinin Darakta. Na ɗauki gorar na tafi Funtuwa, na ajiye masa a kan tebur, na yi bayani. Ya juya ta a hannu.

"Injiniya Nura, zai fashe ko ba zai fashe ba?"

"Yallaɓai, mai yiwuwa ne ya fashe."

"Ban tambaye ka mai yiwuwa ba."

"Babu wanda zai iya sa masa rana, ranka ya daɗe. Zai iya kai shekaru a haka. Zai kuma iya tafiya cikin makon nan."

Ya ce, "Kai ne a wurin. Ka yi abin da iliminka ya nuna maka." Na roƙi ya ba ni a rubuce. Ya yi dariya ya ce tsakaninsa da ni ai ba sai da takarda ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutanen da ke kwana a ƙarƙashin dam su ne dai masu lambu a bakinsa. Idan na saki ruwan a wannan lokaci, babu sauran damina da za ta mayar da shi, noman ranin shekarar ya tafi ke nan. Idan kuma na bar shi, bangon ya ɓalle, to gidajen kwarin da masallacin da makarantar firamare duk suna kan hanyarsa.

Ranar da zan buɗe ƙofar sakin ruwan, Alhaji Garba, shugaban manoman rani, ya zo da jama'arsa. Ya riga ya yi renon tumatir da albasa, dashe kawai yake jira.

"Injiniya, dam ɗin nan ya girme ka," in ji shi. "Tun kana goye yake yoyo. Yau don tsohuwa ta ce daddawarta ta yi ƙasa za ka zubar mana da abincin shekara?"

"Alhaji, yoyon da na yanzu ba ɗaya ba ne."

"To rantse zai fashe."

"Ba zan iya rantsewa ba."

Sai ya juya ga mutane ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Malam Mai-yiwuwa!" Aka kwashe da dariya, irin dariyar da babu daɗi a cikinta. Na dubi Mai Unguwa, wanda gidansa ne na farko da ruwa zai tarar. Ya gyara hularsa ya ce shi dai bai ce a buɗe ba, bai kuma ce kada a buɗe ba.

Na buɗe. Ba a sakin irin wannan ruwa gaba ɗaya, domin idan ya ja baya da sauri, jiƙaƙƙen bangon yana iya zaftarewa ta ciki. Saboda haka kaɗan-kaɗan na riƙa yi, kullum ina tsaye a kan dam, su kuma suna zaune a inuwa suna kallon ruwansu yana bin rafi. Babu mai amsa sallamata. Da ruwan ya sauka, tsattsafin ya rage, ya washe, daga baya ya tsaya. A fuskar bangon da ruwa ya janye daga kanta kuma sai ga rami, faɗinsa kamar bakin rijiya, ya nufi daidai inda Inna Tabawa ke wanki. Na ɗauki hotonsa da waya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji da na gan shi, don na zaci shi ke nan na sami shaida.

Na rubuta rahoto cewa a tone bangon a bi hanyar ruwan har ƙarshenta, a sake cikewa da yumɓu a danne, a kuma zuba yashi da tsakuwa a gindi don su tace abin da ke fitowa. Kafin a duba rahoton, ƙorafin manoma ya riga ya isa hedikwata, an kafa kwamiti. Ana gobe kwamiti zai zo, sai ga ɗan kwangila da tifofin marmara, bisa umarnin Darakta. Suka cike bakin ramin, suka daddaɓe, har da dasa ciyawa a kai. Na ce wa ɗan kwangilar baki kawai ya rufe, hanyar tana nan a ciki. Ya ce shi abin da aka sa shi ke nan.

Kwamiti ya zo ya ga bango sumul. Na nuna hoton, shugabansu ya ce rami ai rami ne, ko a bayan gidansa akwai irinsa. Sannan ya yi mini tambayoyi.

"Dam ya fashe?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"An rasa rai?"

"A'a."

"An rasa noman rani?"

"An rasa."

Darakta ya shaida musu cewa shi bai ba da umarnin sakin ruwa ba. Ya ce ni yaro ne mai ƙwazo, sai dai akwai tsoro. Aka ba ni takardar tuhuma, aka mayar da ni sashen ajiya, inda nake har yau tare da bututu da kawunan famfo.

Ba na ganin laifin manoman. Irin da suka rena ya bushe a gadonsa. Samarin ƙauyen suka watse ci-rani, wasu ba su dawo ba. Alhaji Garba ya sayar da shanun huɗarsa. Asararsu kowa ya gan ta da ido. Abin da na ce na kare su daga gare shi kuwa babu wanda ya gani, har ni kaina. Ba zan ce da tabbaci zai fashe a shekarar ba, kuma ba zan ƙara gishiri yanzu don a tausaya mini ba.

Damina ta zagayo aka sake cika dam. Yana nan tsaye, kuma duk shekarar da ya ƙara, ƙarin hujja ce a kaina. Kwanakin baya na gamu da Inna Tabawa a kasuwar Malumfashi, a gaban tallar daddawarta. Bayan gaisuwa na tambaye ta labarin ruwan.

"Ai na bar can, na koma rijiya," ta ce. "Lakar ta fi ta da. Za ka saya ne, ko tare mini gaba za ka yi?"

Na saya. Daga nan na kira injiniyan da ya gaje ni, yaro mai hankali da ya san aikinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, ai na gani. Na kuma ga abin da ya same ka."

Ku ƙannena da kuka shigo aikin nan, abin da na koya ke nan, idan ma koyo ne. A wannan sana'a, wanda ya hana ɓarna ba ya da shaida, kuma na sama da kai sun san haka, shi ya sa suke bar maka hukunci su riƙe alƙalami. Ban ce kada ku buɗe ƙofa ba idan ranarku ta zo. Ku dai san abin da ke jiran ku. Ni kuwa duk Satumba addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa su ci gaba da ce mini Malam Mai-yiwuwa, domin ranar da za a gane gaskiya na faɗa, babu wanda zai rage a kwarin nan da zai ba ni haƙuri.