Ramuka Uku Na Hannun Hagu

A Kura, in ka ce Maharazu ba kowa zai gane ba, sai ka ce Ɗan Jidda. Yana saurayi ya tafi Saudiyya, ya samu aiki a wani gidan wasa da ake kira bolin, inda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako ta je ta kayar da wasu 'yan sanduna masu kama da taɓarya. Da shara ya fara. Daga baya maigidansa ya koya masa huda ƙwallon: ramuka uku na yatsu, kowane mutum daidai hannunsa. Ranar dawowa gida, abokan tafiyarsa suka sayo darduma da agogo, shi kuwa ƙwallo ɗaya ya rungumo, baƙa wuluk, nauyi kamar dutsen niƙa.

Noman shinkafa ya koma a bakin kanal ɗin ban-ruwa, kamar mahaifinsa. Amma duk yammar da masu turara shinkafa suka kwashe shanyarsu daga dandamalin siminti na bayan unguwa, sai ya jera gorunan roba cike da yashi, ya ja baya, ya saki. Ƙwallon takan miƙe kamar za ta wuce ta gefe, can kusa da ƙarshe sai ta yi kwana ta faɗa tsakiyarsu. A nan ake ganin haƙoransa.

Bara da kaka shanyewar ɓarin jiki ta same shi a gona. Baki ya dawo, ƙafa ta ɗan dawo, hannun dama ya ƙi. Likita ya ce ya riƙa fita yana motsa jiki, in ba haka ba ƙafar ma za ta sake kwantawa. Maharazu ko zaure ya daina leƙawa. Da abin ya ishi matarsa Kubra, sai ta aika a kira amininsa Luka, mai gyaran injin ban-ruwa.

"Ɗan Jidda," in ji Luka daga bakin ƙofa, "an ce ka shiga takaba. Wa ya mutu?"

"Hannuna."

"Ɗayan fa? Aro ka ba da shi?"

"Da furfurata a ce min bahago?"

"Tuwo aka ce ka ci da shi? Jifa ne fa, Alhaji."

Maharazu ya ce ramukan ma na dama ne, in ya zura yatsun hagu murɗe masa su za ta yi. Luka ya ce a toshe a sake, ai yana da injin huda.

Da gam ɗin da ake liƙe tankin babur suka cike tsofaffin ramukan. Da ya bushe, Maharazu ya shimfiɗa tafin hagunsa a kan ƙwallon, Luka ya zaga yatsun da alli.

"Karkata injin wajenka kaɗan. Kai, a hankali! Ba bututun ruwa ba ne."

"Mara lafiya da tsawa haka? Hajiya, mijinki ya warke."

"Babban yatsa shi ke fara fita. In raminsa ya matse, da kai ƙwallon za ta tafi."

Ranar da aka sa zai fita, Kubra ta dubi ƙwallon da safe, ta ga duk kaushi da tabon gam. Mutum zai fita bainar jama'a bayan jinya, a ce kayansa a haka? Ta ɗauko man kaɗanya ta murje ta tas, har sai da ta yi ƙyalli, ta mayar cikin jaka ba ta gaya wa kowa ba.

Da la'asar unguwa ta taru. Maharazu ya dogara sanda ya iso, ya zura yatsu, ya saki. Ƙwallon ta sulale a miƙe, ko alamar kwana babu, ta wuce gorunan ta faɗa kwata. Ba wanda ya yi dariya. Sai "sannu Alhaji" ta ko'ina, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

"Na gaya maka," ya ce wa Luka a hankali. "Kai ni gida."

Luka ya je ya ɗauko ƙwallon, ta kusa suɓuce masa. Duk ɓuntun shinkafa ya manne a jikinta. Ya shinshina, ya miƙa wa Maharazu ga hanci.

"Kubra!"

Tana cikin matan da ke ɗura shinkafa a buhuna. "Na'am, Alhaji. Ai gyara na yi."

"Gyara? Kaushin nan shi ke kama ƙasa ta yi kwana! Kin taɓa shafa wa tayar amalanke mai?"

"To ni na taɓa zuwa Jidda? Kai da ba ka magana, wa zai sani?"

Sai ga Maharazu yana dariya, har yana tari.

Aka shanya ƙwallon a rana ta tsatso man, aka binne ta cikin ɓuntu ya tsotse, aka wanke da omo. Gugar sanfefa hannu biyu take so, don haka Kubra ce ta matse ta tsakanin gwiwoyi tana gogawa, shi yana shafawa da hagu yana cewa saura nan.

Fita ta biyu mutane ba su da yawa. Ya saki. Ƙwallon ta tafi, ta yi kamar ba za ta yi ba, sannan ta karkato ta ɗaya ɓangaren da ba a saba gani ba, ta kwashe gorunan gefe. Fiye da rabi na nan tsaye.

Luka ya yunƙura zai ɗauko masa ita.

"Zauna," in ji Maharazu. "Ramin babban yatsan nan har yanzu ya matse, gobe ka zo da injinka."

Ya gyara riƙon sandarsa, ya nufi ƙarshen dandamalin da kansa, yana jan ƙafa.