Filin Ƙwallonmu Bayan Ambaliya

A shekarar da ruwan madatsar Lagdo ya cinye gonakin shinkafa, masunta suka kafa bukkoki a filin ƙwallonmu, domin nan ne tudu. Kowace damina mukan tuge sandunan gola mu ɓoye su saboda gara. Wancan karon muka makara, suka zama ginshiƙan ɗakunan mutane.

A taron ƙungiyarmu na ƙarshen shekara ni aka miƙa wa biro, tunda na fara ajin karatun manya. Golanmu ya nace a karɓo filin.

Tsohon shugabanmu ya ce masa, "To ɗana, je ka zare sandar. Jaririya ce kwance a ƙarƙashinta."

Ba wanda ya motsa. Na rubuta asararmu a hankali: wasanni bakwai, sanduna shida, fili ɗaya.