Turmin Kaka da Ɗakin Sama

Har yau dangi cewa suke son zumunci ne ya sa na bi diddigin tarihin kakanmu. Ba haka ba ne. Ƙyashi ne, kuma na san wadda nake yi wa: 'yar kawuna, taubashiyata, wadda muka tashi muna cin abinci a faranti ɗaya.

Kakanmu, mahaifin Umma da Kawu, ya baro ƙasar Hausa ne lokacin da Nasara suka ci ta. Shi da matarsa suka yi shekaru a hanya, noma a nan, ɗinki a can, har suka iso Makka a zamanin Turkawa. Ya gina gida a gangaren dutse kusa da Harami, kafin ya rasu ya mai da shi wakafi ga zuriyarsa. Da aka zo faɗaɗa Harami rusau ya bi ta kan gidan, aka musanya shi da wani a unguwar Shisha, mai bene. Alƙali ya ce ba za a raba ɗakuna ba sai an kawo masa jerin zuriya, wane ya haifi wane.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga Sudan ba, inda na yi sakandare a wajen dangin babana. Kawu idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa maza kuma ba su da haƙurin tsohon rubutu. Sai aka miƙo mini sakki, wato takardar mallakar gidan, aka ce in karanta a gaban kowa. Na gyara murya ina jin kaina. Ashe korar kaina zan karanta. Takardar ta ce 'ya'ya maza da zuriyarsu su zauna har abada. 'Ya'ya mata su zauna iya rayuwarsu, abin da suka haifa ba shi da ko ƙusa a bango.

Taubashiyata ta kwashe da dariya har da buga cinya.

"To, 'yar mace, kin ji da bakinki. Maimaita mana wajen nan, ban ji sosai ba."

"Da kin iya karatu ai da kin maimaita wa kanki," na ce.

"Me zan yi da karatu, ya shaiha? Ina da mai karanta mini."

Kowa ya yi dariya, wai wasan taubasai ne. Ban da ni. Tun kafin alƙali ya ce komai ta riga ta zaɓi ɗakin sama, mai taga biyu, inda iska ke shigowa bayan la'asar. Ta kai ni ta nuna mini inda za ta sa gado. Ta ce in na yi ladabi za ta bar ni in riƙa shanya mayafi a tagarta. Ni da Umma ɗakin ƙasa aka nuna mana, kusa da madafa, shi ma aro ne muddin Umma na numfashi. Wannan yarinya ba ta san sunan garin da kakanmu ya fito ba. Ta ɗauka daga Jidda ya zo.

Duk da haka ni aka tura neman jerin zuriyar. Na yi makonni ina shiga gidajen tsofaffi, ina shan shayin da ba na so, ina jiran su gama tari su ba ni suna ɗaya. A haka aka kwatanta mini wata tsohuwa a ribaɗi, gidan da ake ajiye tsofaffin mata marasa kowa. Tana yarinya ta biyo ayarin su Kaka tun daga Chadi.

Na ce mata na zo tambaya a kan filin da kakana ya saya. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Wane kakan naki? Malamin? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, amma ko akuya bai taɓa saya ba. Kakarki ce. Da turminta ta sayi filin nan."

Ta ba ni labarin yadda Kaka take yi wa alhazan ƙasarmu daka da surfe, ta dama musu fura, ta toya waina, shekara da shekaru, har ta haɗa da mundayenta na azurfa ta ba mai filin. Ranar rubuta takarda ta ce ita ba za ta tsaya a gaban maza ba, malam ya je. Ya je, aka rubuta sunansa.

"Ni nake mata tankaɗe, jikata. Dubi hannun nan."

Na dawo gida ina tafasa. Na gaya wa Umma, ta ce ta sani tun tuni, in rufa mata asiri kada in raba ta da ɗan'uwanta. Na gaya wa Kawu, yana jan carbi ya ce, "'Yata, takarda ba ta san turmi ba. Gama mana jerin nan, halas, magana ta ƙare." Taubashiyata kuwa tana saman bene tana auna labule, ta leƙo ta ce, "'Yar mace, zo ki riƙe mini bakin nan."

Na hau na riƙe mata. Shuɗi ne, irin wanda ni ma da shi zan zaɓa.

Ba zan ce adalci ne ya tashe ni ba. Da ni ce 'yar namiji, da na rataya labulena ban tambayi turmin kowa ba. Na kuma san maganar tsohuwa ɗaya da wuya ta kayar da takarda mai hatimi. Amma jerin zuriyar a hannuna yake, kuma ba wanda ya iya haɗa shi sai ni. Na yanke cewa ba Kawu zan ba ba. Ranar zaman kotu zan ɗauki tasi, in biya ribaɗi in ɗauko tsohuwar, mu shiga gaban alƙali tare, kuma sai ya saurare ta zan miƙa masa jerin.