Fasfon Nasiru a Gwangwanin Biskit

Ni dai wawa ne, irin wawan da ya tsufa yana ganin babu mai wayonsa a unguwa. Gara in faɗa da bakina kafin wani ɗan bana-bakwai ya riga ni. Ban gama firamare ba, rubutuna ma kamar kaza ta yi tono. Direba aka kawo ni London, ina tuƙa wani ma'aikacin gwamnati. Da wa'adinsa ya cika ya koma gida, ni kuwa na maƙale a unguwar Catford, na yi aure, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba ni flat na zama, ina gadi a wani sito. Jarina a duniya furfura ce, da hula mai kyau, da baki.

Abin da ya tunzura ni na yi wannan rubutu ku ne, samarin nan. Ran Juma'a bayan an sauko na ji wasunku suna tafawa, ɗaya yana ce wa abokinsa, "Kai, wallahi con artist ne kai!" Har da shafa masa kai, kamar ya ciyo kofi. Ku zo nan in gaya muku abin da kuke tauna, tunda ni a kotu aka liƙa min sunan.

Bature yakan ce abu "con" ne idan an yi masa rufa-ido aka cuce shi. Kuɗin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tashi, sai ya ce con ne. Makaniki ya canza masa abin da bai lalace ba, con ne. An ce min daga kalmarsu ta amincewa suka gutsuro ta, domin mai wannan sana'a ba ya fasa ƙofa, ba ya zare wuƙa. Yardarka yake nema, kai da kanka ka miƙa masa wuyanka kana godiya. Sai suka ɗora masa "artist", wato gwani, kamar mai zane ko makaɗi. Sun fesa wa mushe turare ke nan. Mu a gida ɗan damfara muke cewa, macuci, kuma ba mai tafa masa.

Da rakiya na fara. Wani baƙo yana da ganawa a ofishin shige da fice na Croydon, bai san hanya ba, na kai shi. A waje na tsaya ina shan shayi. Allah ya sa takardunsa suka fito, sai ya bi gari yana cewa Baba ya san manya a ciki. Na ji, ban musa ba. Na gyara zaman hula kawai.

Daga nan mutane suka fara sallama. Ban taɓa cewa kowa ya kawo wani abu ba. Idan an miƙo sai in ɓata rai. "Haba ɗana, ni za ka ba? Ka raina ni ke nan." Sai ya dage, in ƙi, ya haɗa ni da Allah, sannan in karɓa kamar an yi min dole, in ce na mutanen ciki ne. Makamina kuwa kunyarmu ce. Wane ɗan mutunci ne zai dubi dattijon da ke sahun gaba a masallaci ya ce, "Baba, nuna min shaida"? Babu. Wanda takardarsa ta fito don kanta, aikina ne. Wanda tasa ta ƙi, ƙaddara ce.

Sai Nasiru. Ɗalibi ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Bloomsbury, ɗan Katsina, maraya, uwa kaɗai gare shi. Bizarsa ta kusa ƙarewa, aka turo shi wurina. Yaron da yake karatun da ni ko sunansa ban iya faɗa ba, amma idan ya shigo sai ya durƙusa har ƙasa. Na ce ya bar min fasfonsa, zan shigar ta ƙofar da ba kowa ya sani ba. Ya bari. Na jefa shi cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Matata takan zuba masa tuwo, in ya kira uwarsa har ba ni wayar yake yi mu gaisa. Uwar takan ce, "Alhaji, ga amana nan." In ce, "Hajiya, ɗana ne."

Duk lokacin da ya tambaya, amsa a bakina take. "An yi booking." "An yi cancel, mutumina ya tafi hutu."

Wata safiya ya zo ko sallamar kirki bai yi ba. "Baba, Inna tana asibiti, an ce in taho. A karɓo min fasfona, na haƙura da bizar."

Fasfon yana saman kaina, miƙa hannu kawai zan yi. Amma in na sauko da shi a lokacin, ya gane bai taɓa zuwa ko'ina ba, kuma kafin la'asar duk Catford ta ji. Na auna uwarsa da hulata, na zaɓi hula. Na ce, "Abin da ya shiga can ba ya fitowa da gaggawa, ɗana. Ka ba ni kwana biyu." Ya dawo, na ƙara masa wasu. Har na kama hannunsa muka yi wa Hajiya addu'a tare. Kun ji gwaninta.

Ta rasu bai gan ta ba. Bayan sadakar uku ya je Croydon da kansa, aka ce masa babu wanda ya taɓa shigar da komai da sunansa, kuma bizarsa ta mutu. Da 'yan sanda ya dawo min. Matata ce ta nuna musu gwangwanin.

A kotu lauyan gwamnati ya nuna ni ya ce con artist. Tafinta ya sunkuyo ya ce, "Wai kai gwanin damfara ne." Wallahi, don ku san iyakar wautata, sai da na ji wani ɗan daɗi da kalmar gwani. Gidan yari ya cire min shi. A can ba mai durƙusa wa furfura. 'Yata, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Sau ɗaya ta zo, ta faɗa min kalmar nan ba wani ado, ta tashi. A bakinta ban ji turare ba.

Na fito yanzu, na tuba, a sahun baya nake salla kusa da takalma. Ba na neman tausayinku, ba ku da shi ma. Abin da zan ce: ranar da aka yabe ka da abin da ba ka yi ba, ka musa nan take, domin a nan ramin yake farawa. Kuma duk mai furfurar da ya karɓi takardarka, ka tambaye shi shaida. In ya yi fushi, ka fizge abinka ka gudu. Ku kuma daina yi wa juna kirari da sunan nan, 'yan banza.

Nasiru ya koma Katsina, karatun bai ƙarasa ba. Na nemo lambarsa da ƙyar, na kira don ya yafe min. Ya saurare ni har na gama surutuna. Bai ce min Baba ba.

Ya ce, "Har Inna ta cika tana sa maka albarka, ba ta san ko kai wane ne ba. In kun haɗu, kai ka yi mata bayani."