Kuɗin Zaman Ƙauye

Na fara aikin banki a garinmu, Gwandu, a shekarun da gwamnati ta matsa wa bankuna su buɗe rassa a karkara. Reshen namu wani gidan haya ne kusa da kasuwa, aka fasa bango aka sa kanta da ƙarafa. Ni akawu ne. Manoman albasa da masu sayar da shanu su ne mafi yawan masu zuwa, kuma kusan kowa na san gidansu.

Ma'aikatan reshen kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka turo daga birni, akwai mu da aka ɗauka a gida. Kanta ɗaya muke tsayawa, zafi ɗaya muke sha idan janareta ya ƙi tashi, amma albashinmu ba ɗaya ba ne. Su ana ba su kuɗin haya, da wani alawus da ake kira kuɗin zaman ƙauye. Mu kuwa an ce gida muke, ba mu da wata wahalar da za a biya. Ba mugayen mutane ba ne, tare muke cin abincin rana, amma ranar albashi kowa sai ya rage surutu.

Da na ba mahaifiyata labarin wannan alawus, sai ta ajiye faifan da take saƙawa ta dube ni.

"Mi ne aibin garinga, da har sai an biya mutum kahin shi zamna cikinai?"

Ni kaɗai ne ɗanta namiji, mahaifina ya rasu tun ina makarantar firamare, yayyena mata biyu suna aure a Maruda. Daga ni sai ita a gidan.

A wani taron ƙungiyar ma'aikata a Sakkwato na haɗu da kashiyan reshen Kalgo. Ya girme ni da 'yan shekaru, dogo ne, mai magana a hankali, ɗan masunta. Ya zo da banda a ƙunshe ya rarraba wa mutane, har ɗakin taron ya ɗauki ƙamshin kifi. Matsalarsa irin tawa ce. Bayan an tashi taro ba a cimma komai ba, ya ja ni gefe ya ce ya karanta dokar alawus ɗin da kyau, abin da ta ce shi ne za a biya duk wanda ke aiki a wajen garinsu. Ba ta ambaci birni ba. To me zai hana mu yi musaya, shi ya koma Gwandu, ni in koma Kalgo? Ya zauna a gidanmu da matarsa, in zauna a nasu, ba mai biyan haya, alawus kuma ya shigo mana duka biyu.

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta bi ni har gida. Ina son in yi wa ɗakin mahaifiyata rufin kwano, ina kuma son in yi aure. Manajojinmu biyu ba su ga laifin abin ba, suka sa hannu. Inna ba ta hana ni ba. Ta dai ce Kalgo garin ruwa ne, in kula da sauro, ta kuma tambaya ko matar baƙon ta iya dama fura.

Watannin farko abin ya yi kyau. Alawus ya shigo, na sayi kwano. Iyayensa suka riƙe ni kamar ɗansu, na koyi cin shinkafar fadama da miyar kifi safe da yamma. Duk ƙarshen mako nakan hau mota zuwa Birnin Kebbi, in canza wata ta bi ta Dalijan ta kai ni gida. Nakan tarar da shi a tsakar gidanmu yana gyara wa Inna danga ko yana ɗaure mata akuya. Ta fara kiransa ɗanta na banki.

Sai hedikwata ta farga. Aka dakatar da biyan, aka ce daga ƙauye zuwa ƙauye ba canjin wurin aiki ba ne. Muka nemi a mai da kowa garinsu, aka ce ai mu muka roƙa da kanmu, sai an duba. Ƙungiya kuma ta ce kada mu janye, domin da maganarmu za ta kafa hujja ga dukan ma'aikatan karkara. Idan aka yi nasara, kowa zai samu, har da ariyas, wato kuɗin baya da aka riƙe. Muka yarda. Mun ɗauka abin 'yan watanni ne.

Ya ɗauki shekaru. An yi zama a Sakkwato, an yi a Kaduna, an yi ɗan yajin aiki da bai kai ko'ina ba, manoma suna tsaye a ƙofar banki suna tambayarmu laifin me suka yi mana. Kaya suka yi tsada, kuɗin mota ya ninka, zuwana gida ya koma wata-wata. Idon Inna ya fara yin hazo. Duk zuwan da na yi sai ta shafa fuskata da hannu kafin ta tabbatar ni ne, ta tambaye ni ko an gama shari'ar. In ce saura kaɗan.

Da wata damina ciwo ya kama ta. Saƙo ya iso mini ta bakin wani direba cewa jikinta ya yi zafi, amma tana cin abinci. Ƙarshen wata ne, masu binciken lissafi sun zo daga hedikwata, manaja ya ce in daure su tafi tukuna. Ni ma na ga kamar zazzaɓin da ta saba yi ne. Saƙo na biyu da ya zo, ban tsaya neman izini ba. Ruwa ya ɓata hanya, motarmu ta kafe bayan Dalijan, muka sauka muna turawa.

Da na shiga unguwarmu sai na ga mutane suna dawowa daga maƙabarta, tsofaffi a gaba, suna tafiya a hankali cikin taɓo. Abokin musayata yana cikinsu. Wandonsa a naɗe, jar ƙasa har gwiwa, har a gaban rigarsa. Ban tambayi kowa komai ba. Na san wanda ya shiga kabari ne yake ɓaci haka.

Sai bayan sadakar uku ya same ni a bayan gida, inda na tsuguna kusa da turken akuya. Ya tsuguna shi ma. Ya ce akwai abin da yake so in sani, kada in ji a bakin mata. Kwanakinta na ƙarshe ganin ya tafi gaba ɗaya, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Ranar da ya shiga gaishe ta da ya dawo daga aiki, ta kama hannunsa ta kira shi da sunana.

"Ta ce, ka dawo ke nan? An ƙare shari'ar?" Yana maganar yana tonon ƙasa da tsinke. "Na ce na dawo, Inna. An ƙare. Ban gyara mata ba. Ka yafe mini in na yi kuskure."

Ya ce daga nan har ta cika, ni take gani a wurinsa. Ta yi masa faɗa a kan ya rame. Ta ce ya nemi mata yafiyar wata maƙwabciya da suka taɓa saɓawa a kan rijiya. Ta faɗa masa yarinyar da take so in aura. Ta sa masa albarka mai tsawo, hannunta a kansa, da sunana. Ya yi ƙoƙarin maimaita mini kalmomin kamar yadda ta faɗa, amma wasu sun kuɓuce masa, ya yi ta dafe goshi yana cewa akwai saura, zai tuna.

Na ce masa bai yi kuskure ba, kuma har yau haka na yi imani. Amma na daɗe ba na iya kallon kansa. Idan ya cire hula zai yi alwala sai in kau da ido. Wani lokaci in ji kamar in gode masa har ƙasa, wani lokaci in ji wani abu mai ɗaci da ban san sunansa ba. Shi ma ya lura. Duk haɗuwarmu sai ya ce ya tuno wata kalma daga cikin abin da ta faɗa, ya faɗa mini. Daga baya na fara zargin ƙirƙira yake yi don ya faranta mini, domin wasu maganganun ba irin nata ba ne. Ban taɓa nuna masa ba. Nakan karɓa in ce amin.

Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi aka sake ɗaukar maganar. A ƙarshe aka amince a daidaita albashin 'yan gida da na waɗanda aka turo, a kuma biya alawus ga kowa. Mun yi murna kaɗan. Amma a lokacin bankin ya riga ya fara tangal-tangal, albashin ma sai ya makara. Ba a biya mu ariyas ba har aka rufe rassan karkara ɗaya bayan ɗaya. Na Gwandu ya riga na Kalgo. Ranar da muka kulle namu, wata tsohuwa mai sayar da kifi ta zauna a dakalin ƙofa har la'asar, tana jiran a buɗe.

Yanzu ba abin da ya hana kowa komawa garinsu, amma ba wanda ya koma. Ni na riga na yi aure a Kalgo, ba yarinyar da Inna ta zaɓa ba, na samu gonar shinkafa, 'ya'ya sun zo. Gidanmu kuma ba na iya kwana a cikinsa. Shi kuwa ya kama noman albasa, yaransa duk a Gwandu aka haife su. Na ce ya ci gaba da zama, yayyena ba su ƙi ba. Ni na yi jinyar mahaifinsa tare da ƙannensa, shi yana zuwa yana komawa, kuma Allah ya sa yana nan ranar da tsohon ya cika. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Hawan jini ya kwantar da abokin nawa kafin shekarun casa'in su ƙare. Rabin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace. Na je na same shi a kan tabarma a zaure. Ya gane ni, ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya, yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu. Sautin yana fitowa amma ba kalma. Matarsa ta ce tun safe yake neman a kira ni. Na kai kunnena bakinsa, na daɗe a haka, ban fahimci komai ba. Na ce masa na ji, na gode. Ya saki hannuna, ya rufe ido kamar wanda ya sauke kaya.

Ya rasu a makon. Danginsa sun so a kai shi Kalgo, amma rana ta yi, hanya kuma ba kyau, aka rufe shi a Gwandu. Na shiga kabarin tare da babban ɗansa. Da aka gama, wani dattijon unguwarmu da ya san ni tun ina yaro ya zo yana yi wa mutane ta'aziyya. Da ya iso kaina ya riƙe hannuna, ya yi mini sannu da hanya, ya tambaye ni ko ni ɗan'uwan mamacin ne daga Kalgo. Na ce masa e.