Jan Fenti a Ɗorawar Babanmu

Bakura, Litinin

Ana sallame asuba na fita gida, biyar da rabi, da gatarina cikin buhu. Ni masassaƙi ne, turmi da taɓarya da ƙota. Aji huɗu na yi anka ce boko ya isa. Abin da ya tashe ni saƙon yayata Hajo ne daga Faru: an shafa wa ɗorawar babanmu jan fenti, Laraba za a sare ta.

Wata cuta ce ta shigo itatuwa, tana busar da su daga sama. Gwamnatin tarayya ta yi doka: iccen da ya kamu a sare shi a ƙone inda yake, kuma ba a kai ɗanyen icce gari zuwa gari. Waɗanda sunka yi dokar ban san ko sun taɓa cin miyar daddawa ba.

Da anka raba gadonmu, ni na samu gona, Yaya Hajo ta samu ɗorawar da ke tsakiyarta. Haka muke yi, ƙasa da mai ita, icce da mai shi. Na sayar wa wani Garba gonar, ɗorawa tana nan ta Yaya. Da kalwarta take daddawa ta ciyar da gidanta tun rasuwar mijinta. Garba kuwa shekara goma yana kukan inuwa na kashe masa gero. Ba sai boka ya gaya mini wanda ya kira masu fenti ba.

Talata Mafara

Shida da minti ashirin mota ta tashi, mu bakwai a kujerar mutum huɗu. Bayan shingen sojoji sai ga sabo, na malaman daji, da murhun gawayi a gefen titi.

"Baba, mi ke cikin buhu?"

"Gatari."

"Kawo a sa bakinsa a wuta. Cutar tana bin ƙarfe."

"Ƙarfe ma yanzu ciwo yake?"

Direba ya ce, "Ba su, Baba, kada su ce ƙotar ma ɗanya ce mu wuni nan."

Shekara talatin ina wasa gatarin nan, ba wanda ya taɓa gasa mini shi kamar tsire.

Bakwai da kwata munka shiga Mafara. Na sha koko da ƙosai, na zauna ƙofar ofishin malaman daji har goma saura. Malamin da ya zo ya buɗe takarda ya ce mai icce ya yarda, ga hannunsa: Garba.

"Garba mai gona ne. Icce na yayata ne."

"Takardar ba ta da gurbin mai icce daban da mai gona, Baba."

"Abuja ba a cin gado ne?"

Ya ce gobe zai zo ya sake duba ta gaban mai ita. Ban yarda zai zo ba.

Maradun zuwa Faru

Sha ɗaya da rabi na bar Mafara. Munka wuce Bakolori, albasa kore shar, su ba ruwansu. A Maradun na hau babur, kafin azahar ina Faru. Yaya Hajo ta gaishe ni tun daga hanya har awaki, ba ta ambaci ɗorawa ba. Tuwon dawa da miyar kuka ta ba ni, daddawa ta ji.

Faru, Talata

Ƙarfe tara malamin ya iso. Garba ma ya zo. Munka yi ina kwana, ina gajiya, ina iyali, lahiya lau, ni ko ina kallon wuyansa.

"Malam Garba, geronka zai sha rana bana."

"Ni ban kira kowa ba. Zagaye sunka yi."

"Awo."

Malamin ya ɓare ɓawo da wuƙa. Ciki baƙi ne, ga wari. Ya bi baƙin ƙasa-ƙasa har ya kai wani tsohon sara a gindi, faɗin tafin hannu.

"Nan cutar ta shiga. Wa ya sassaƙi ɓawon wanga wuri?"

Yaya ta ce, "Ƙanena ne, bara, da basir ya matsa masa. Na magani ya ɗiba."

"Da wane gatari, Baba?"

"Wanda kunka gasa jiya."

"Kafin nan mi ka sara da shi?"

Bara itatuwa sun bushe da yawa wajen Bakura, ni kuwa na yi ta sara ina turame, ina cewa Allah ya kawo sauƙi.

Da Garba ya yi dariya da na ji sanyi. Bai yi ba.

Yaya Hajo ta tambayi malamin ko kalwar da ta ajiye tana ɗauke da cutar. Ya ce a'a. Ta juyo.

"Tunda ka zo da gatari, kai za ka sare ta. Baƙo ba ya sare iccen ubana."

Laraba

Bakwai na safe na fara, ta faɗi bayan azahar. Turmi shida ne a jikinta, masu kyau. Doka ta ce wuta, munka sa wuta. Da kaina na tura bakin gatari cikin garwashi, ba wanda ya ce in yi.

Garba ya nuna gefen gonarsa ya ce Yaya ta shuka kalwa uku, nata ne. Malamin ya rubuta sunanta a bayan takarda, tunda gaban ba wuri. Ɗorawa tana kai shekara goma kafin ta yi 'ya'ya. Yaya Hajo ta haura sittin.

Komawa, Alhamis

Bakwai na bar Faru, sha ɗaya ina Mafara. Na shiga kasuwa na tambayi inda ake sayar da kalwa, don daga yau ni zan riƙa aika mata. A shinge sun ce in kawo gatari. Na miƙa.

La'asar na shiga gida Bakura. Na ba iyalina ƙullin daddawar da Yaya ta ba ni, na faɗa mata abin da ta ce: a ci a hankali, ta babanmu ke nan ta ƙarshe.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya maido ni lahiya. Na gode wa direba, da malamin daji da ya cika alkawari, da Garba, wanda na zaga tun daga Bakura har Faru. Yaya Hajo kuwa, ban san da bakin da zan gode mata ba.