Gyare a Motar Baba Modu

A duk shekarun da na yi ina aikin wayar mota, daga Funtuwa har zuwa nan Gaithersburg ta Amurka, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda na tsaya da fis a aljihu, bakina ya ƙi buɗuwa. Ku da kuka zo garejin nan daga baya kuna ganin wani dattijo yana shigowa yana zagina, ina ramawa, kuna dariya. Ba ku san mafarin ba.

Lokacin, kamar yanzu, Oga Issaka ɗan Kumasi shi ne mai gareji, ni kuma nake riƙe da ɓangaren waya. Aikinmu saka kyamara da fitilun gargaɗi da oba-oba a motocin 'yan kwangila. Karatuna bai wuce firamare ba, rewaya na koya a bakin tasha, shi ya sa ba na yarda da kaina. Noti in na ɗaure shi sai na koma na taɓa.

A farkon lokacin zafi Baba Modu ya shigo da a-kori-kura fara, sabuwa, mai aiki da lantarki. Ban ji shigowarta ba, sai ganinta na yi a bayana. Ya sauko, dogon mutum mai tsage a fuska, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wane ne Buba?"

"Ni ne, Baba."

"Buba? Bafulatani ke nan. Alhamdu lillahi, na tsinci bawana a Amurka. Ina ka baro shanun?"

Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Amma mutumin ya haife ni, ga shi baƙo mai kawo aiki. Na sunkuyar da kai na ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Mutumin Diffa ne ta ƙasar Nijar. Ya yi ritaya daga sashen Hausa na wani gidan rediyo a babban birnin ƙasar nan. Ba ya cikin masu magana. Shi ne wanda ke zaune bayan gilashi yana daidaita murya, ya cire ƙara, ya tabbatar abin da ya fita iska tsaf yake. Da ya bar aiki sai ya koma wa abin da yake so tun yana saurayi, wato rediyon da mutum ke kira da shi a amsa masa daga wata ƙasa. Kamar oba-oba ne, sai dai yana ƙetare teku. Ana cin jarrabawa kafin gwamnati ta ba da lasisinsa, kuma yana da shi.

Matsalarsa gida. Yana zaune da 'yarsa Falmata a Largo, a irin gidajen nan masu manne da juna, kuma hukumar unguwar ta hana kafa eriya a kan rufi. "Gidan namu ne, rufin nasu," in ji shi. Saboda haka motar ce za ta zama ɗakin rediyonsa. Zai je bakin kogi ya tsaya, ya ɗaga eriya, ya yi hira da duniya.

Ga wanda bai san aikin ba, motar lantarki ba a shigar mata da ka. Babban batirinta shimfiɗe yake a ƙarƙashi, daga gaba har baya, don haka ba a huda ƙasanta. Duk wayar da ka gani ruwan lemo, wuta ce mai kisa, ko kusa ba a zuwa. Rediyo daga ƙaramin batir ake ja masa wuta, a sa masa fis nasa dab da batirin. Ita wannan kuma jikinta alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi, ba damar a ɗora eriya mai mannewa. Na karanta littafin motar, abin da ban gane ba Oga ya fassara mini, na kuma buga wa dillalin motar waya har ya fara gajiya da muryata. A ƙarshe ban huda ko'ina ba. Na ƙera mazaunin eriya na ɗaure shi a ramukan da ke gefen bodin baya tun daga kamfani.

Da muka kunna, sai shuuu, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Wannan ƙarar ta gaskiya ce, kowa ya ji ta. Na'urorin da ke juya wutar motar su ke fesa ta, rediyo kuma yana kwasa. Maganinta shi ne a haɗa murfin gaba da ƙofar baya da bodi da shasi da saƙaƙƙiyar wayar tagulla, su zama jiki ɗaya, sannan a maƙala wa wayoyi wasu baƙaƙen zobba masu shanye ƙara. Na yi duka. Ƙarar ta faɗi. In an kashe motar ma sai ta ɓace ɗungum, muka ji wani mutum daga Brazil kamar yana bakin ƙofa.

Baba Modu ya ce, "Ashe Bafulatani na iya abin da ya wuce tatsar nono."

Na ce, "Mun gode, Baba."

Mako bai cika ba ya dawo. Ya ce akwai sauran wata ƙara, siririya, kamar kukan gyare. Ya shiga ya zauna, ya rufe ido, ya karkatar da kai, don haka yake sauraro kullum. "Ka ji ta?"

Ban ji komai ba. Ma'aunin da ke fuskar rediyon ma yana kwance. Amma wane ni? Kunnen da ya yi rayuwarsa yana tace murya ya ce akwai ƙara, ni ɗan rewaya in ce babu? Na ce, "Za a duba, Baba."

Na kwance aikin na sake. Na goge wuraren haɗin, na canja wayar eriya, na ƙara zobba. Ya tafi, ya dawo: gyare na nan. Na raba wayar wuta da ta eriya, kowace da hanyarta. Ya dawo. Na fara zargin ko na ƙwarzani wata waya a cikin motar mutane ban sani ba. Tunanin nan ya hana ni cin abinci. Ina cikin salla sai in ga wayar ruwan lemo a gabana, in yi ƙabli da ba'adi.

Oga Issaka ya fara tsuke fuska. "Buba, motar nan ta zama matarka ta biyu? Ga motocin mutane sun yi layi."

Falmata ma ta kira ni daga asibitin da take aiki. Hausarta ta yaran nan ce, tana yi tana cakuɗawa. Ta ce, "Kawu Buba, don Allah ka gyara masa. Tun da Mama ta rasu, rediyon nan kawai yake sa shi ya fita. In ya bari, zai zauna a ɗaki shi kaɗai, ba ya magana da kowa." Na ce mata in Allah ya yarda. Na ajiye wayar, nauyin ya ƙaru.

Ranar da nake ba ku labari, ya bar motar da safe ya tafi wata unguwa, ya dawo bayan azahar. Ƙa'idar aikinmu, kafin ka taɓa waya sai ka kashe mota ka zare fis. Na zare na sa a aljihun riga. Fuskar rediyon ma na cire ta na kife a kujerar baya. Ina ƙarƙashin sitiyari sai na ji ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Na ɗago in gaishe shi, na tarar ya riga ya rufe ido, ya karkatar da kai.

"Kai, yau ma ta fi ƙarfi," ya ce. "Ka ji ta ko?"

Na taɓa aljihuna. Fis na nan. Mota a kashe, rediyo babu wuta ko ta ɗigo. Garejin ma shiru, yara sun fita cin abinci.

Na ce, "Baba, ina zuwa."

Na samu Oga a ofis yana cin wake da shinkafa. Na nuna masa fis ɗin, na gaya masa. Ya ajiye cokali.

"To ai ka huta. Ba aikinka ba ne. Je ka gaya masa."

"In gaya masa me, Oga? In ce wa sa'an ubana kunnensa ya lalace? Mutumin da kunnen ne sana'arsa? Kai ne babba, kai ka gaya masa."

"Ni? Ni ɗan zango ne, ba ni da wasa da shi. In na faɗa, cin fuska ne. Kai da yake kiran ka bawansa tun ran da ya zo, kana ta 'sannu Baba, mun gode Baba' kamar sabon ango gaban suruki. Kakanninku ba don dariya kaɗai suka bar muku wannan abin ba."

"In ya yi fushi fa?"

"Babarbare ya yi fushi da Bafulatani? Sai dai ya biya tara."

Na fito. Na yi tunanin in kira Falmata, sai na ga kai ƙarar uba wurin 'yarsa ya fi muni. Na yi tunanin in yi shiru in ƙara wani zobe in ce ya gwada. Wannan kuwa ha'inci ne, kuma zai dawo.

Na same shi tsaye a bayan motar, hannunsa a kan eriya.

Ya ce, "Buba." Ran nan ne ya fara kiran sunana ba tare da tsokana ba. "Na wahalar da kai. Ciro kayan kawai. Akwai wani nan kusa, a Alexandria, da ke son rediyon, zan ba shi. Motar lantarki da rediyo ba sa shiri, na haƙura."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"A'a, bawana. Yau ubangidanka zai yi magana, kai kuma ka tsaya ka ji."

Ya juyo, gira a sama.

"Ku Barebari haka kuke. Kun sha nononmu ba ku biya ba, yanzu kuma ka zo kana ɗora wa motar bayin Allah laifi. Na bi motar nan lungu-lungu, babu gyare a cikinta. Gyaren da shi ka zo, da shi kake komawa gida. Miƙo hannunka."

Ya miƙo. Na ɗora masa fis ɗin a tafi.

Mutum ne da ya san aiki, bai buƙaci bayani ba. Ya dubi fis, ya leƙa ya ga fuskar rediyo a kife a kujerar baya. Ya rufe ido, ya karkatar da kai, ya daɗe a haka. Ni kuwa na fara shirya kalmomin ban haƙuri.

Sai ya yi wata 'yar dariya, wadda ba ta kai ciki ba. "Ɗan nema. Shanu ne suka koya maka wannan?"

"Su ne, Baba."

Ya sauke ƙofar bodin ya zauna a kai, ya nuna mini gefensa, na zauna.

"A gida ma ina jin ta," ya ce. "Na ce firji ne. A masallaci na ce lasifika ce. Da na sayi motar nan sai na samu wanda zan ɗora wa." Ya taɓa kunnensa na dama. "Wannan shi ya ciyar da 'ya'yana, Buba. Shi ya kawo ni ƙasar nan."

Na ce, "Bai mutu ba, Baba. Ranar da muka ji mutumin Brazil, kai ka kama sunansa, ni ban kama ba. 'Yarka a asibiti take aiki. Ka bari a duba. Rediyon kuma ba zan ciro shi ba, sai dai ka kai wa wani Bafulatanin."

"Ɗaya ma ya ishe ni," in ji shi.

Falmata ta kai shi wurin likitan kunne. Aka ce shekarun da ya yi da abin sauraro a kunne da kuma tsufa ne suka haɗu. Aka ba shi ƙaramar na'ura da yake saƙalawa. Gyaren bai tafi duka ba, har yau yana nan, amma ya san gidansa, ya daina nemansa a cikin mota. Abin da na ƙara a aikin bai taka kara ya karya ba: na ɗauke lasifikar daga ƙasa na ɗaure ta kusa da kafaɗarsa ta hagu, ɓangaren da ya fi ji.

Wata Asabar ya matsa sai na raka shi bakin kogi ta wajen Alexandria. Ya kashe motar, ya ɗaga eriya, ya yi ta kira. Can sai wata murya ta taso daga Senegal, tana zuwa tana komawa. Ya rufe ido ya amsa, suka gaisa. Da ya gama ya ce wa mutumin, da Faransanci, yana tare da bawansa. Wannan kam na gane, na ce ya gaya masa gaskiya, ubangidansa ne.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa: in mai mota ya ce yana jin ƙara, ku yarda da shi, ku nema da gaske, domin sau da yawa tana nan. Amma kafin ku kwance aikinku karo na biyu, ku kashe komai, ku zare fis, ku zauna tare da shi cikin shiru ku tambaye shi ko yana jin ta. In ya ce e, ku ajiye sifana. Daga nan ba aikin waya ba ne, sai neman bakin da zai iya gaya masa ba tare da ya kunyata ba. Ni na yi sa'a, nawa bakin ne, kakanni sun riga sun buɗe mini ƙofar, tsoro ne ya hana ni shiga da wuri.

Fis ɗin bai dawo mini da shi ba, sabo na saka. Yana rataye a jikin makullinsa. In ya shigo ya kaɗa shi ya ce, "Ina bawan nan da ya zage ni?", ku ce masa ubangidansa na ciki, ya cire takalmi.